Gwaggo Tasalla da Neman Wanda Ya Ce

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, aka yi addu'ar arba'in ta Gwaggo Tasalla a zauren gidanmu na Jibiya. Akwai Baba, wanda shi ne ƙanenta, akwai liman da maƙwabta, da 'yan'uwanmu da suka ƙetaro daga Maraɗi, da ni, da ƙanena Lawal. Akwai kuma wani dattijo da ban gane ba sai da ya yi magana. Ashe tsohon jami'in kwastan ne da ya daɗe a shingen Magama kafin ya yi ritaya. Da aka shafa, sai ya ce shi dai abu ɗaya ne ba zai manta ba: duk zamansa a bakin iyaka, mutum ɗaya ce ta taɓa tsayawa jiransa ya idar da salla don ya ɗaga mata ƙarfe.

Zaure ya ɗauki dariya, har da Baba da ya wuni idonsa jawur. Duk mun san labarin.

Ƙarfen da ake magana a kai na motoci ne. An gitta shi a kan kwalta, mai tafiya a ƙasa kuwa yakan nuna takardarsa ya ratsa ta gefe. Gwaggo ta shekara da shekaru tana saro cuku da dabino daga can tana kawowa kasuwar Jibiya, amma ba ta taɓa ratsawa ta gefe ba. Sai ta tsaya a tsakiyar titi da kwandonta a ka, a bayan tirela ko a gabanta, har a ɗaga ƙarfen ta wuce kamar mota. Ranar da dattijon yake ba da labarinta, rana ta take, direbobi suna ta roƙonta ta zagaya. Ta ce musu ta gefe akuya ke bi, ita kuwa da katinta.

Halinta na biyu shi ya fi wahalar da mu. Duk abin da aka ce mata ba a yi, ko ba zai yiwu ba, tambaya ɗaya take yi: “Wa ya ce?” Kuma ba faɗa take nema ba. Suna take so. In ka ba ta suna, sai ta ɗaura gyale ta tafi wurin mai sunan. Ta ce a bakin iyaka ta koyi haka, domin duk wanda ya hana ka wucewa maganar wani yake maimaitawa, shi ma wanin ta wani ya ɗauko.

Ni na fi kowa shan wannan tambaya, saboda aikina karanta labarai ne a rediyo. Duk sa'ad da na zo gida, sai ta zaunar da ni ta bi labaran mako ɗaya bayan ɗaya. In na ce majiya mai tushe ce ta faɗa, sai ta ce in kawo mata Majiyar ta gan ta, tunda kullum ita ke da labari amma ba wanda ya san gidansu. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Mai Rediyo take ce mini, a gaban kowa.

Yanzu ga yadda waɗannan halaye biyu suka haɗu a kan Lawal.

Lawal ya gama ƙaramar sakandare, yana jiran shiga babba. Tun yana ƙarami ruwa ne abin da ya dame shi: me ya sa na rijiyar nan yake da zartsi, na waccan babu, me ya sa na dam yake kore a wani lokaci. Kowa a gida ya san ajin kimiyya zai shiga, kuma makinsa ya kai. A hutun nan Gwaggo ta tafi da shi bikin suna a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Suna can aka rufe iyaka.

Duk waɗanda suka je sunan sun dawo cikin makon. Kowa ya hau bayan ɗan kabu-kabu, aka bi ta daji, aka ɓullo bayan gari. Baba ya aika wa Gwaggo cewa an koma makaranta, ta bar yaron ya biyo mutane. Ta aiko da amsa cewa ta ƙofa ta fita da shi, ta ƙofa za ta dawo da shi. Kowace safiya tana zuwa wurin 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, tana tambayarsu wa ya ce a rufe. Suka ce mata daga sama ne. Ta ce su ba ta sunan saman. Har suka saba da ita, suna ajiye mata benci a inuwa.

Da aka sassauta wa masu tafiya a ƙasa suka dawo, zangon karatu ya yi nisa. An riga an raba ɗalibai, ajin kimiyya ya cika, kujera ɗaya ta rage a ajin adabi. Nan aka sa Lawal. Baba ya je ya yi magana, aka ce ya yi haƙuri. Ya dawo gida ya ce wa yayarsa ga abin da taurin kanta ya jawo. Ta ce ba ita ta rufe iyaka ba. Daga nan ba ta sake cewa komai ba a kan maganar, kuma mu da muka san ta, wannan shirun ya fi ba mu mamaki.

Lawal ya gama sakandare da sakamako mai kyau: Turanci, lissafi, tarihi, adabi, ilimin gwamnati. Babu fiziks, babu kemistiri, domin bai taɓa zama ajinsu ba. Jami'a kuwa ba ta ɗaukar mutum karatun kimiyya sai da su. Ni na gaya masa ya zo ya karanta aikin jarida, in ya gama mu san yadda za a yi. Ya ce to. Amma tun daga ranar ya daina zuwa bakin dam, ya rage cin abinci, in an yi masa magana sai ya ce ba komai.

A nan ne wani mutum ya shigo, wanda ake kira Mai Hanya. Sana'arsa sanin mutane. Ya zauna a zaure ya bayyana wa Baba, murya ƙasa-ƙasa, cewa akwai wata cibiyar jarrabawa a wani gari inda yaro ba ya buƙatar sanin fiziks. Sunansa kawai za a kai, sakamako ya fito da kansa. Baba bai ce e ba, amma bai ce a'a ba. Gwaggo tana daga soro tana tsince dabino, ashe tana ji. Ta leƙo ta tambayi Mai Hanya ko hanyar tasa tana da ƙarfen da ake ɗagawa. Ya ce ai Hajiya abin sirri ne. Ta ce to ta daji ce ke nan, ya tashi ya ba mutane wuri. Ta karɓe kofin shayin da aka zuba masa, wanda bai kai ga sha ba, ta mayar cikin buta.

Sannan ta juyo wurin Lawal.

“Lawali, wai mi ya hana ka karatun ruwan nan?”

Ya ce sai wanda ya yi fiziks da kemistiri a sakandare.

“Wa ya ce?”

Baba ya dafe kai. Ni kuma ta ce in nemi hutu a wurin aiki, domin tana buƙatar mai jin Turanci.

Daga shugaban makarantarsu Lawal muka fara. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce ba shi ya ce ba, ka'ida ce, a tambayi ofishin ilimi. A ofishin ilimi suka ce su nasu sakandare ne, maganar shiga jami'a ta jami'a ce. Washegari muka shiga mota zuwa birni, ni da ita da Lawal da kwandon cuku. Na tambaye ta me cuku zai yi a jami'a. Ta ce ba a zuwa wurin mutane hannu biyu. Na ce ai za a ce cin hanci ne. Ta ce cin hanci shi ne wanda aka bayar kafin a ɗaga ƙarfe, nata sai bayan ta wuce.

A ƙofar jami'a akwai ƙaramar ƙofa ta masu ƙafa da babba ta motoci. Ba sai na gaya muku wadda ta tsaya a gabanta ba. Mai gadi ya dube ni, na kawar da kai. Ya buɗe.

A ofishin ɗaukar ɗalibai wani matashi ya duba takardun Lawal ya ce ba zai yiwu ba. Ta tambaye shi wa ya ce, ya nuna ofishin shugabarsa. Shugabar ta ce tsarin tsangayar kimiyya ne. A tsangayar kimiyya aka ce mana shugaban yana taro. Gwaggo ta shimfiɗa gyalenta na biyu a barandar, ta zauna, ta miƙe ƙafa. Ɗalibai suna wucewa suna kallonmu. Ni da ake jin muryata a gidajen mutane safe da yamma, ga ni tsugune kusa da kwandon cuku, ina addu'ar kada wani ya gane ni. Gwaggo kuwa duk wanda ya gaishe ta sai ta ce masa wannan shi ne Mai Rediyo.

Da shugaban ya fito, ya saurare mu a tsaye. Shi ne ya fara faɗin abin da ba mu taɓa ji ba. Ya ce jami'a tana da makarantar share fage, ta shekara guda, inda ake koyar da darussan kimiyya na sakandare daga tushe, ɗalibi ya sake zana jarrabawa, in ya ci ya nemi shiga kamar kowa. Lawal ya ɗaga kai a karon farko tun safe. Sai shugaban ya ƙara da cewa amma ta waɗanda suka yi kimiyya suka faɗi ce, ba a ɗaukar wanda bai taɓa yi ba. Gwaggo ta yi tambayarta. Ya ce a je a ga daraktan makarantar.

Daraktan dattijo ne siriri, mai farin gemu da tabarau a goshi. La'asar ta yi lokacin da muka shiga. Na fara jera bayani da irin Hausar da nake karanta labarai da ita, Gwaggo ta ce in yi shiru, ba labaran duniya aka zo ji ba. Ta gaya masa komai a taƙaice: suna, rufe iyaka, kujerar da ta rage. Ba ta ce laifin kowa ba ne. Ya duba takardun, ya yaba makin lissafi, ya ce abin tausayi ne, amma ba sa ɗaukar 'yan ajin adabi.

“Wa ya ce?”

Ya sauke tabarau ya mayar. Ya ce da can ana ɗauka, sai aka ga yawancinsu ba sa iya bi, suna ɓata shekara a banza, shi ya sa aka daina. Ta ce ta ji dalili, suna take tambaya. Ya yi ɗan murmushi.

“Hajiya, ni na ce.”

Gwaggo ta ajiye kwandonta a ƙasa a hankali, ta gyara zama.

“To alhamdu lillahi. Malam, tun daga Jibiya nike biɗarka. Na yi shekara da shekaru ina tambayar nan, ban taɓa iske mai maganar zaune ba sai yau. Tunda bakinka ne ya ce, bakin yana nan, sai ya ce wata.”

Daraktan ya yi dariya har ya share hawaye. Da ya natsu, ya juya wurin Lawal ya yi masa tambayoyi, ba na littafi ba, na me yake so da me ya sa. Lawal ya yi maganar rijiyoyin ƙauyen Gangara da na ƙauyen Kusa, ya yi ta fiye da yadda na taɓa jin ya yi magana. Daga ƙarshe daraktan ya ce zai ɗauke shi gwaji. In ya ci jarrabawar zangon farko ya ci gaba, in ya faɗi ya koma gida, kuma kada Hajiya ta dawo tambayar wa ya ce, domin ta riga ta sani. Ta ce ta yarda. Sai da aka rubuta sunan Lawal, ta ga an buga hatimi, sannan ta buɗe kwando. Ta ba daraktan cuku, ta koma ta bi duk ofisoshin da muka shiga ta raba, har matashin da ya fara cewa ba zai yiwu ba, har mai gadi. Ni dai ban samu ba. Ta ce aikina bai kai ba, tunda an hana ni magana.

Kada wani ya ɗauka daga nan abin ya zo da sauƙi. Lawal ya shiga aji da waɗanda suka yi shekaru suna jin waɗannan darussa, shi kuwa ko sunayen kayan ɗakin gwaji bai sani ba. Gwajin farko ya zo na kusa da ƙarshe. Ya kira ni ya ce yana ganin daraktan ya yi gaskiya. Na gaya wa Gwaggo, ina tsammanin za ta aika masa da lallashi. Ta ce in gaya masa ita ba ta da wani cukun da za ta kai wata jami'ar. Ya zauna. Jarrabawar zangon ya haye da ƙyar, amma ya haye.

Da ya zo hutu, yana ɗokin nuna mata abin da ya koya. Ya tarar ta jiƙa zoɓo. Ya ɗibi kofi biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya, ya zuba ruwan kanwa a ɗayan. Na farko ya ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya koma wani duhu-duhu mai kore. Ya shiga yi mata bayanin yadda zoɓo yake nuna abu mai tsami da wanda ba shi da shi, da yadda suke yin irin wannan a ɗakin gwaji. Ta saurara har ya gama. Ta tambaye shi ko shi ke nan. Ya ce shi ke nan. Ta ce to ya shanye, duka biyun, ba a zubar da zoɓo a gidanta. Lawal ya sha kimiyyarsa a tsaye, muna kallo. Har yau in an miƙa masa zoɓo sai ya leƙa cikin kofin.

Ƙarshen shekara ya zana jarrabawa tare da kowa. Sakamako ya fito ranar wata Talata da hantsi: ya ci fiziks, ya ci kemistiri, ya ci bayoloji. Bayan ya ci jarrabawar shiga jami'a, sunansa ya fito a sashen nazarin ƙasa da ruwa. Baba ya yi sujada a tsakar gida. Gwaggo ba ta yi guɗa ba, ba ta rungumi kowa ba. Ta ɗaura gyale, ta kama hannun Lawal, ƙato da shi, ta tare mota zuwa Magama. Ta gabatar da shi ga 'yan kwastan, ta gabatar da shi ga 'yan shige da fice, sannan suka ƙetara ta kai shi wurin 'yan duwan da suka taɓa ajiye mata benci. Ta ce musu ga yaron da suka tsare, ya shiga babbar lakwal, wato jami'a, duk da haka. Wani jandarma ya ƙame ya sara masa. Lawal ya ce bai taɓa jin kunya da daɗi a lokaci ɗaya irin na ranar ba.

Ni ma ta ba ni aiki. Ta ce in faɗa a rediyo. Na ce ba a sa irin wannan a labarai. Ta dube ni, na ga tambayar tana tahowa, na yi sauri na ce zan sa a shirin gaishe-gaishe. Na sa. Ta ce na karanta da sauri.

Akwai abin da ba mu sani ba sai bayan rasuwarta. A shekarar da Lawal yake share fage, Gwaggo ta riƙa azumin Litinin da Alhamis ba fashi, ga tsufa, ga zafin bazara. In an yi mata magana sai ta ce hatsi ya yi tsada, tattali take yi, mu kuwa muka yarda, domin ya yi kama da ita. Innarmu ce ta gaya mana a zaman makoki cewa ba tattali ba ne. Tun ranar da suka dawo daga Maraɗi aka ce kujera ta ƙare, Gwaggo ta same ta a ɗaki ta ce yaron nan a wuyanta yake, kuma ta roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Inna ta riƙe har sai da aka kai Gwaggo makwancinta.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tasalla, Ya gafarta mata, Ya karɓi azuminta, Ya haskaka makwancinta. Ya sa abin da Lawal zai amfanar da mutane da shi ya riƙa isa gare ta. Mu kuma da ta bari, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Ta rasu Lawal yana shekarar ƙarshe a jami'a, saura kaɗan ya gama. Yanzu yana tare da masu auna ruwan rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Gangara da Kusa. Yakan fita ranar Litinin, ya dawo gida ranar Alhamis.